Harshen Goggo Ozella

Ranar Alhamis ce da hantsi, mako uku bayan an miƙa mana takardar digiri. Ina zaune a ɗakina a Jackson, babban birnin jiharmu, ina cike takardar neman aiki ta goma sha ɗaya, sai Baba ya kira daga Milwaukee, can arewacin ƙasar. Ko gaisawa bai tsaya mun yi ba.

"Farfesa, kasa kunne in karanta miki wani abu," ya ce. Na ji ya gyara murya. "'Wata ma'aikaciya da za mu kira Ruth, wadda rabonta da yaji shekara ashirin da biyu ke nan.' Ke Lanette, don Allah mata nawa ne a yankinmu na Delta ba sa cin yaji?"

"Baba, a ina ka ga wannan?"

"A jaridar jiharku mana. Mutum uku suka turo mini ta waya tun ban karya ba."

Ni na rubuta wannan jimla, a cikin binciken da na yi na kammala karatu. Malamina ya nemi izinina ya ba wata 'yar jarida, na amince, har ina jin daɗi. Na sauya suna, na ɓoye gari, na rage shekaru. Yajin nan ne kawai na bari, don a Jackson na yi rubutun, kuma a Jackson ba wanda zai kula. A garinmu kuwa, mai mutum dubu biyu da 'yan kai, ko jariri ya san mace ɗaya ce tak ke cin soyayyen kifi gaya, ba ɗigon yaji. Ita ce Goggo Ozella, yayar Baba, wadda ta rene ni tun ina shekara shida, bayan rasuwar mahaifiyata. Saura shekara biyu ta bar aiki da cikakken fansho. Kamfanin da take yi wa aiki shi kaɗai ne babban wurin aiki a garin, kuma a jiharmu ba dole ba ne a gaya maka dalili kafin a sallame ka.

Na ɗauki makullin mota, na fita da silifa daban-daban a ƙafa. Sai da na yi awa guda a hanya na lura.

An haifi Goggo a wani gidan katako da ke bakin gonar auduga. Tana 'yar shekara goma sha tara aka fara haƙe gonakin nan ana mai da su tafkunan kiwon tarwaɗa, aka gina kamfanin gyaran kifi a bayan gari. Mu dai Gidan Sanyi muke ce masa. Ta shiga da wuƙa a hannu da takalmin roba a ƙafa, yau shekara arba'in da ɗaya. Aikinta raba tsoka da ƙaya. Gajeriya ce, sai an sa mata akwati take kaiwa tebur, kuma akwatin nan da sunanta a jiki, ba mai taɓa shi. Yatsunta sun lanƙwashe, ba sa miƙewa sosai. Amma in ta yi dariya a Gidan Sanyi, direbobin da ke tsakar fili suna ji duk da ƙarar injina. Tana cikin mawaƙan cocinmu, kuma ita da kanta take cewa don ƙarfin murya aka ɗauke ta, ba don zaƙi ba.

Kafin a kwashe tafki, manomi yakan kawo kifi ɗaya a ɗanɗana. A yanki tsoka, a sa a jakar takarda, a ɗumama a na'ura, babu gishiri babu mai. Mai ɗanɗano ya tauna ya tofar. In ya ji taɓo, tafkin nan sai ya jira, ko da manomi zai yi kuka. Mai wannan aiki a Gidan Sanyi shi ne Mista Harlan, wani farin mutum dogo mai sanyin hali, da ofishinsa mai taga. Matsalarsa ɗaya: tun yana saurayi yake tauna taba, bakinsa ya daɗe da mutuwa.

Wata safiya yana fama da mura, ya wuce ta kusa da teburin Goggo da faranti a hannu. Ko ɗaga kai ba ta yi ba ta ce, "Mista Harlan, wannan kifin a rijiya ya kwana."

Ya tsaya. Ya duba hagu da dama. Ya miƙa mata cokali.

Tun daga ranar, kowace safiya sai ya zagayo ta ƙofar baya da farantinsa. Ita ta tauna, ta tofar, ta faɗa. Shi ya koma ofis ya sa hannu. Har sunaye ta raɗa wa ɗanɗanon kifi. Akwai taɓo, akwai tsohuwar katifa, akwai safar fasto. Mafi muni shi ne "ƙarƙashin gadon Cleon", wato Baba. Manoman yankin, farare da baƙaƙe, duk sun san in aka ce tafkinka ya yi ƙarƙashin gadon Cleon, to, mako uku ke nan babu ciniki. Yawancinsu ba su taɓa ganin Cleon ɗin ba.

Don kada harshen ya dushe, ta daina shan kofi, ta daina taba, sannan ta daina yaji. Na ƙarshen nan ne mutane suka kasa gafarta mata. Ranar suyar kifi a coci, kowa yana zazzaga jan yajin kwalba har sai garin masarar da ke jikin kifin ya jiƙe, ita tana gefe da nata fari fat. "Mis Ozella, azumi kike yi?" Ita kuma ta ce, "Ku ci abinku. Ku wuta kuke ci, ni kaɗai na san ɗanɗanon kifi a nan." Amma akwai kwalbar yaji guda a saman firji, ba a buɗe ba. Ta ranar barin aiki ce. Duk bayan shekara uku takan sayi sabuwa ta ba maƙwabta tsohuwar.

A takardar albashinta kuwa "mai yanka" aka rubuta, dala goma sha uku a awa. Na Mista Harlan ya kusa ninki biyu. Matarsa ce ta faɗa wa mai kantin magani, mai kantin magani kuma kusa da Goggo take tsayawa a wajen waƙa. Duk Kirsimeti yakan kawo mata talotalo guda, ya ajiye a baranda ya tafi da sauri. Shekara ashirin da biyu, talotalo ashirin da biyu.

Baba shi ne ya tafi Arewa, wato Milwaukee, yana ɗan shekara ashirin, ya sami aiki a kamfanin narkar da ƙarfe. Ita ma ta bi shi, ta yi sanyi ɗaya ta dawo. Ta ce garin da hancinka zai daskare har ka kasa jin ƙanshin miya ba gari ba ne. Kowane Yuli yakan zo da motarsa a wanke tas, su zauna a baranda su ɗora daga inda suka tsaya bara.

"Yaya, ki taho Arewa ki huta. Abin da kike samu a mako biyu, a ɗaya nake ɗauka."

"Sannu, mutumin ƙanƙara. Shi farin da ke tsaye kusa da kai fa, nawa yake ɗauka?"

"Wannan daban. Shi yana da takardar ƙwarewa."

"Wa ya koya masa aikin?"

Baba ya ɗauki kofinsa ya kurɓa, alhali ba komai a ciki.

"Na ce wa ya koya masa?"

"Ni."

Goggo ta yi dariya har wake ya zube daga cinyarta. "Ashe kai ma kana da Harlan ɗinka! Naka dai rigar sanyi yake sawa. Ko talotalo yana ba ka?"

Shekarata goma sha huɗu a lokacin, ina tsakaninsu ina ɓarar wake. Wannan gardama ce na kai jami'a. Na yi hira da mutum arba'in da biyu, rabi a Delta, rabi a Milwaukee. Abin da na ji daga bakinsu shi ne, a wajenmu kuɗin kowa kaɗan ne, fari da baƙi, bambancin yana ɓoye a sunan da aka rubuta wa aikinka. A wajen su Baba kuɗin ya fi kauri, amma tazarar ta fi faɗi, kuma tana ɓoye a wanda ake kira ya je ya karɓo takardar ƙwarewa da wanda ake mantawa da shi. Da na roƙi Goggo ta zama ta arba'in da biyu, cewa ta yi, "Rubuta abinki, Farfesa. Amma ki sa ni doguwa, ki kuma rage mini shekara goma." Na yi duka biyun.

Na iso gida da la'asar. Tana baranda, hannayenta cikin kwanon ruwan ɗumi da gishiri, kamar kullum bayan aiki. Ban kai ga hawa matakala ba kuka ya ƙwace mini.

"A'a, wa ya mutu?" ta ce. Ta dubi ƙafata. "Digirin ne ya ce ki sa silifa ja da shuɗi?"

"Goggo, na kashe miki aiki."

"Ni? Ai wata Ruth na ji ana magana. Doguwa ce, an ce."

"Goggo, don Allah."

"Zo ki zauna, kina tara mini maƙwabta." Ta matsa mini. Sai da na yi shiru ta ce, "Harlan bai zo da faranti ba yau. Ya hango ni ya canza hanya, kamar ya ga maciji. Kuma an ce in hau sama gobe ƙarfe goma."

Sama shi ne ofishin manaja. A shekara arba'in da ɗaya sau biyu ta taɓa hawa.

Ta ci gaba da tsokanata har muka ci abinci. Amma na ga ta goge rigarta ta zuwa coci, ta rataye, can kuma ta sauko da ita ta sake gogewa.

Da safe ni na tuƙa ta. Muna fita ta ce in dakata, ta koma ciki, ta fito tana cusa wani abu a jaka. Kwalbar saman firji ce.

"Ta mece ce?"

"In sun kore ni, a bakin ƙofarsu zan buɗe ta. Ba zan yi asara biyu ba."

A tsakar filin kamfanin motocin manoma uku ne a tsaye, masu su sun jingina da ƙofa suna huci. Ɗaya ya cire hula ya ce, "Barka da asuba, Mis Ruth." Ta ce, "Ban san ta ba," ta wuce tana gyara jaka. Ni na zauna a mota na riƙe sitiyari. Minti hamsin na yi ina lissafin yadda za mu rayu in an sallame ta, ni da ba ni da aiki, kuma kowane lissafi a kaina yake ƙarewa.

Ta fito ta shiga mota, sai da muka wuce gada ta fara ba ni labari.

"Su uku ne. Manaja, wato jikan mai kamfani, wanda na san ranar da ya daina fitsarin kwance. Da wata mata mai kula da ma'aikata, da takardu a gabanta. Sai Harlan a lungu, fuska ja kamar tumatir. Manaja ya ajiye jarida ya ce, 'Mis Ozella, ke ce Ruth?' Na ce, 'Yallaɓai, karanta da kyau. An ce doguwa. Tashi ka auna ni.'"

"Goggo, ba ki faɗa ba!"

"Na faɗa. Matar ta yi tari don kada ta yi dariya. Sai ya ce ba wasa ya kira ni ba, kamfani ba ya son a kai sirrinsa jarida, kuma yana so ya san ko gaskiya ne abin da aka rubuta. Kafin in buɗe baki, Harlan ya miƙe. Wallahi na ɗauka guduwa zai yi. Ya ce, 'Gaskiya ne. Ni ko takalmi ka dafa mini ba zan bambanta shi da kifi ba. Ita ce.' Ya ce tun jiya ya kasa sa hannu a tafki ko ɗaya, ga manoma can suna jira. Ya koma ya zauna kamar an sauke masa buhu."

"Sai manaja ya ce me?"

"Ya koma duban jaridarsa. Ni kuwa na ce, 'To ku kawo kifin mana, mutane suna tsaye a rana.' Aka kawo faranti uku, a kan teburin manaja, a kan jaridarki. Na farko lafiya lau. Na biyu taɓo kaɗan, na ce a ba shi kwana biyar. Na uku ina kai wa baki na ce, 'Ƙarƙashin gadon Cleon. Kuma tafkin gabas ne na Mista Tubbs, wanda bishiyoyi suka yi wa inuwa. Na gaya masa tun bara ya sare su.' Manaja ya juya jakar takarda ya karanta sunan da ke jiki. Ya dube ni, ya dubi jakar. Matar kuma ta ce, 'Wane ne Cleon?'"

Dole na tsaya a gefen titi, don dariya da kuka sun haɗe mini, ba na ganin hanya.

Da muka lafa, muryarta ta sauka. "Sai na ce musu, 'Ban taɓa roƙon komai a gidan nan ba sai akwatin tsayawa. Harlan zai bar aiki a Disamba. Saura mini shekara biyu. Ku rubuta mini sunan aikin da nake yi, da kuɗinsa. Ko ba don ni ba, don wadda za ta zo bayana ta san akwai shi.' Ban san daga ina maganar ta fito ba, Lanette."

"Sun yarda?"

"Manaja ya ce ba a hannunsa yake ba, masu kamfani za su zauna. Matar ta ce akwai dokar da na sa wa hannu a kan magana da 'yan jarida, ita ma za a duba. Na ce ni da 'yata na yi magana a barandata. Ta ce duk za a duba. Kada in zo aiki sai sun kira ranar Litinin. Ko su ba ni, ko su kore ni, ko su yi kamar ba a yi ba."

"Kwalbar fa?"

Ta shafa jakar. "Tana nan da murfinta."

Ranar Asabar da rana matan Gidan Sanyi suka cika mana tsakar gida, ba wanda ya gayyace su. Suka kafa tukunyar mai a ƙarƙashin bishiya, wannan da garin masara, waccan da kabeji. Kowa ya shigo sai ya ce, "Ina Ruth? Kai, kin ƙara tsawo!" Wata ta yanko labarin daga jarida ta sa a firam. Ana cikin haka motar Baba ta tsaya a ƙofa, ƙura har gilashi, karo na farko da na gan ta ba a wanke ba. Tun asubar Juma'a ya taso, ya kwana a hanya.

"Ga mai gadon nan!" wata ta yi ihu, tsakar gida ta ɗauka.

Baba ya tsaya da jaka a hannu. "Wane gado?"

Shekara ashirin da biyu, ashe ba wanda ya taɓa gaya masa. Da aka yi masa bayani ya ce zai kai ƙara kotu, an ɓata masa suna a jiha guda. Goggo ta ce ta share ƙarƙashin gadon nan da hannunta tun yana ɗan shekara bakwai, tana da shaidu. Ya zauna kusa da ita da farantinsa, ya daɗe yana juya kifi bai ci ba.

"Yaya, da gaske kin ce musu su rubuta?"

"Na ce."

"Ni shekara talatin da takwas ban taɓa cewa ba."

"Ai sanyi ne ya riƙe maka baki. Ci kifi, ka koma ka gwada."

Aka miƙo kwalbar yaji tana zagayawa hannu zuwa hannu. Da ta iso gabanta kowa ya zuba mata ido. Ta karɓa, ta shinshina, ta lumshe ido, ta miƙa wa na gaba. "Sai na ji Litinin," ta ce. "Harshen nan har yanzu yana bakin aiki."

Da mutane suka watse muna wanke tukwane, na sake ba ta haƙuri. Na ce da na cire maganar yajin, da babu abin da zai faru.

"Da babu abin da zai faru," ta maimaita. "To ai shi ke nan, sai talotalo na ashirin da uku." Ta miƙo mini tukunya. "Ban ce ba na tsoro ba. In fanshon nan ya tafi, ban san yadda za mu yi ba. Amma kuskurenki ɗaya na gani a rubutun: kin ce Ruth mai haƙuri ce. Wannan ki gyara."

Har yanzu in waya ta yi ƙara gabana sai ya faɗi, ko da ta maƙwabta ce. Ban koma kan takardar neman aikin nan ba. Na zauna na rubuta wannan ne da sunanta na gaskiya, don ita ta ce in yi, kuma ta ce wannan karon in bar mata tsawonta yadda yake.

Yau Litinin, ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce. Baba ya ƙi komawa sai ya ji. Goggo tana baranda tana ɓarar wake, wayarta a cikin kwanon, kwalbar ta koma saman firji. Ba su kira ba tukuna.